Tauraro a Ƙarƙashin Layi

Shuɗin ƙyalle ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa. An ja masa siririn layi ruwan ɗorawa daga wannan baki zuwa wancan, ya raba shi biyu daidai wa daida. A ƙarƙashin layin, kusa da sanda, an ɗora farin tauraro guda ɗaya mai tsini 12. Iyakar abin da ke jiki ke nan: ba zaki, ba takobi, ba rubutu. Tutar Nauru ce, wani tsibiri can a tsakiyar Tekun Fasifik wanda girmansa duka-duka murabba'in kilomita 21 ne, mutanensa kuma wajen 12,000. Mai keke zai iya zagaye ƙasar baki ɗaya tsakanin azahar da la'asar, domin titin da ya kewaye ta bai kai kilomita 20 ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wurin da aka ajiye tauraron. Mu dai a sama muka san tauraro, ko a sararin samaniya ko a bakin mutane. In mutum ya ɗaukaka, sai a ce tauraronsa na haskawa. 'Yan wasan da suka yi fice, taurari ake ce musu. Mawaƙan soyayya ba sa gajiya da kiran masoyiya Zara, makaɗan fada kuwa in za su kai basarake ƙololuwa sai su kira shi Gamzaki, wanda fitowarsa ke shaida cewa asuba ta gabato. Manomi na duban Kaza da 'Ya'yanta ya san inda damina ta kwana. Ko tauraruwa mai wutsiya, wadda aka ce ganinta ba alheri ba, sai an ɗaga kai ake hango ta. To ga wasu mutane sun samu damar zana wa kansu tauraro, dama irin wadda ba ta zuwa sau biyu, sai suka sauke shi ƙasa da layi, suka kuma matsar da shi gefe.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne, tutar taswira ce. Layin nan shi ne Ikwaita, wanda masana suka raba duniya da shi arewa da kudu. Shuɗin da ke sama da wanda ke ƙasa duk ruwan teku ne. Tauraron kuma shi ne tsibirin da kansa, a inda Allah ya ajiye shi, kudu da layin da tazarar da ba ta kai digiri ɗaya ba. Tutocin ƙasashe da yawa alkawari suke ɗauka ko kirari suke yi: ja jinin mazan jiya, kore albarkar noma, fari zaman lafiya. Wannan kuwa kwatance take yi. Cewa take, ka bi layin da ya raba duniya, ka yi ta tafiya a kan ruwa, ka ɗan sauka kudu, nan muke. Ƙasar da maƙwabcinta mafi kusa, tsibirin Banaba, ke da nisan kilomita 300, wadda kuma sunanta a kan taswirar duniya ya fi jikinta girma, tana da hujjar fara magana da faɗin inda take.

A bakin Bahaushe tuta abu ce mai tafiya. Ana ba da ita, ana karɓa, ana ɗaga ta a gaban rundunar yaƙi. Bayan 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba almajiransa tutoci, Modibbo Adama ya nufi Fombina da tasa, Buba Yero ya nufi Gombe, Yakubu ya nufi Bauchi, kowa tutarsa ita ce izininsa. Har yau in wani ya yi zarra a cikin tsara, sai a ce ya ciri tuta, kamar tuta abu ce da ake tsere a kai gare ta a fizge. Mutanen Nauru sun daɗe da sanin irin wannan tuta mai tafiya, amma daga ɓangaren waɗanda ake zuwa a kafa wa. Wani matuƙin jirgin ruwa Bature, John Fearn, ya bi ta wurin a 1798 ya laƙaba wa tsibirin sunan da ya ga dama. Jamus ta kafa tata tutar a 1888. Sojojin Ostireliya sun sauke ta a 1914. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka damƙa tsibirin amana a hannun Birtaniya da Ostireliya da Niyuzilan. A 1942 Japan ta zo da tata jar rana. Kowace daga cikinsu abu ɗaya take faɗa: nan nawa ne. Da 'yan gida suka shirya gasar zana tasu gab da samun 'yancin kai, abin da ya fito tuta ce ta zama, wadda ba ta nufi ko'ina ba, ba ta kuma neman ko taki ɗaya na ƙasar wani.

Sai tsinin nan 12. Kowanne yana wakiltar dangi ɗaya daga cikin dangogin asali na tsibirin, irin su Eamwit da Deiboe da Emea da Ranibok. Ta wajen uwa ake bin dangi a can, ɗa na dangin mahaifiyarsa ne. Tauraron ashe ƙidaya ce, kuma babu al'ummar da ƙidaya ta zame wa abin fargaba kamar wannan. Daga 1878 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin dangogin, da bindigogin da 'yan kasuwar Turai suka shigo da su, aka shekara goma ana kashe juna. Mutanen da a da suka kai wajen 1,400 suka koma wajen 900. Jamusawa ne suka tsayar da yaƙin, suka tattara bindigogi sama da 700. A 1920 annobar mura ta ɗauke kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Sai masu mulki suka ce in yawan 'yan ƙasa bai kai 1,500 ba, to iri zai ƙare. Al'umma guda ta zauna tana ƙirga haihuwa. Ranar 26 ga Oktoba 1932 aka haifi jaririyar da ta cika adadin, aka raɗa mata suna Eidagaruwo, aka kunna wuta a bakin teku ana murna. Ranar ce ake kira Angam, kuma har gobe hutu ce a ƙasar.

Murnar ba ta yi nisa ba. A 1943 sojojin Japan suka kwashi mutum wajen 1,200 zuwa tsibiran Chuk don aikin ƙarfi, sama da 400 suka mutu a can saboda yunwa da cuta, cikinsu har da yarinyar nan Eidagaruwo. Waɗanda suka yi saura sun sauka gida ranar 31 ga Janairu 1946. Sai a 1949 adadin ya sake kaiwa 1,500. Da lokacin 'yancin kai ya zo, Hammer DeRoburt, wanda shi ma yana cikin waɗanda aka kwasa, ya kuma zama shugaban ƙasa na farko, shi da jama'arsa suka tsaya a kan ranar dawowa. Saboda haka aka ɗaga tutar a karon farko ranar 31 ga Janairu 1968, shekara 22 cif da saukar jirgin da ya maido su. Wanda ya san wannan, in ya sake duban tsinin tauraron, zai ga mutanen da sau biyu aka kusa shafe su suna ƙirga kansu a gaban duniya.

Amma ƙidayar ba ta yi daidai da ta masu rai ba. Biyu daga cikin dangogin, Irutsi da Iwi, sun ƙare. Tunda ta uwa ake gado, ranar da mace ta ƙarshe ta rasu ba 'ya mace, ƙofar dangin ta rufe ke nan. Duk da haka ba a rage tsinin ya koma goma ba. Ka tambayi tsohuwa a ƙauye 'ya'yanta nawa, za ta ce maka tara ta haifa, shida ke raye. Ba ta taɓa fara lissafi daga shida. Haka wannan tauraro yake ƙirge. Ba shi kaɗai ba ne kuma a cikin tutocin tsibirai. Tutar Komoros na ɗauke da taurari huɗu, alhali tsibirai uku ne a hannun gwamnatinta, domin na huɗun, Mayot, ya zaɓi zama da Faransa tun ƙuri'ar 1974. Bambancin shi ne tauraron Komoros na huɗu ƙara ce da ke jiran hukunci, ana sa ran wata rana abin ya dawo. Tsini biyun Nauru ba sa jiran kowa, ba su kuma tuhumar kowa.

Farin tauraron ma yana da nasa labarin, kuma shi ne mafi ɗaci. An ce farin na fosfet ne, dutsen da ake niƙawa a yi takin zamani, asalin abin da manomanmu ke kira sufa. A wajen 1900 wani ma'aikacin kamfani mai suna Albert Ellis ya lura da wani dutse da ake tokare ƙofa da shi a ofishinsu na birnin Sidni. An ɗauka guntun icce ne da ya daskare. Da ya gwada, sai ya tarar fosfet ne mai kyawun da ba a saba gani ba, kuma daga Nauru aka zo da shi. A 1907 jirgin farko ya tashi da kaya. Daga 1920 wata hukuma ta haɗin gwiwar Birtaniya da Ostireliya da Niyuzilan ta karɓi haƙar, tana sayar wa manoman ƙasashenta a kan farashi mai rahusa, masu ƙasa kuma ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Makiyayar tumakin Niyuzilan da gonakin alkamar Ostireliya sun yi kore shar da ƙasar wani tsibiri da yawancin manoman ba su san inda yake ba.

Zara ba ta barin dami. Haƙar fosfet sai an sare itatuwa, an kwashe ƙasar sama, an ƙwaƙule abin da ke tsakanin duwatsu. Abin da ke saura daji ne na tsayayyun duwatsun murjani masu kaifi, wasu sun fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ba a noma, ba a gini, ba a ko ratsawa da ƙafa cikin sauƙi. Wajen kashi 80 cikin 100 na tsibirin haka ya koma. Tun a 1963 Ostireliya ta ga inda aka dosa, ta yi tayin kwashe mutanen gaba ɗaya zuwa tsibirin Katis da ke gaɓarta. An ce gida biyu maganin gobara, amma wannan tayi gida ɗaya ne a madadin ɗaya, da sharaɗin su zama 'yan Ostireliya. A 1964 suka ce a'a. Sun ga abin da ya samu maƙwabtansu na Banaba, waɗanda fosfet ɗin nan dai ya cinye ƙasarsu, aka kai su tsibirin Rabi na Fiji a 1945. Shekara huɗu bayan wannan a'a aka ɗaga tutar. Mutanen da aka ce su tashi su ne suka ɗinka adireshinsu a jikin ƙyalle suka rataya a sanda.

Arziki rigar ƙaya. A 1970 haƙar ta dawo hannun 'yan ƙasa, kuma cikin 'yan shekaru Nauru ta shiga sahun ƙasashen da suka fi kowa kuɗin shiga in aka raba da yawan jama'a. Ba haraji, asibiti da makaranta kyauta, ga jiragen sama na ƙasa, ga bene mai hawa 52 a birnin Melbon. Aka zuba dukiyar asusun ajiya a gine-gine da otal-otal na ƙetare, har da wani wasan kiɗa da rawa a Landan a 1993 wanda bai yi wata biyu ba aka rufe. Masu ba da shawara na waje suka ci nasu, shugabanni suka yi nasu sakacin. Ƙasar ta kai Ostireliya Kotun Duniya a 1989 kan ɓarnar da aka yi wa ƙasarta kafin 'yanci, aka sasanta a 1993 a kan dalar Ostireliya miliyan 107. Kafin a yi nisa cikin sabon ƙarni fosfet mai sauƙin haƙa ya ƙare, asusu ya bushe, aka sayar da benen don biyan bashi. Farin da aka sa a tuta don alfahari ya zama launin abin da jirage suka tafi da shi. Ba a canza shi ba, kamar yadda ba a rage tsinin ba.

Layin ruwan ɗorawan nan kuwa yana da abin mamaki. A duk abin da ke jikin tutar, shi kaɗai ne ido bai taɓa gani ba. Masunci ya sha ratsa Ikwaita da kwalekwale bai ji ko girgiza ba, domin lissafi ne na masu auna rana da taurari. Amma shi kaɗai ne kuma ba a iya haƙa, ba a iya lodawa a jirgi, ba ya mutuwa ba magaji. Dangi ya ƙare, dutse ya ƙare, layin da babu shi yana nan inda yake. Kuma duk da ba a ganinsa, ana jin aikinsa a jiki. Saboda kusancinsa dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, manyan guguwowin teku da ke rushe wasu tsibirai ba su cika bi ta nan ba, ruwan sama kuma ba shi da alkawari, wata shekara ya yi yawa, wata a yi fari mai tsawo. Tsibirin ba shi da kogi ko ɗaya, sai ɗan tafkin Buada da tankunan tarar ruwan sama da injin tace ruwan gishiri. Wasu kuma na cewa rabuwar shuɗin biyu na tuna tatsuniyar mutanen wurin, cewa daga duwatsu biyu kakanninsu na farko suka fito. Layi ɗaya ke nan ya ɗauki ilimin baƙo da labarin kaka, bai nuna wanne ya fi nauyi ba.

Shuɗin shi ya cinye mafi yawan ƙyallen, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙasar tudu murabba'in kilomita 21 ce, amma ruwan da dokar duniya ta ba ta iko da albarkatunsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Kifin tuna da ke cikinsa na daga cikin abin da ke riƙe da gwamnati a yau, ta hanyar kuɗin izini da jiragen kamun kifi na ƙetare ke biya, a ƙarƙashin wata yarjejeniya ta 1982 tsakanin ƙasashen yankin wadda sunan Nauru take ɗauke da shi. A 2021 ƙasar ta matsa wa hukumar duniya mai kula da ƙasan teku lamba ta gaggauta fitar da dokokin haƙar ma'adinai daga can ƙarƙashin ruwa. Masu suka na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya kamata ya yi tsalle. Masu goyon baya na cewa ƙasar da aka cinye wa tudu ba ta da inda za ta juya sai ruwa. Shi kuma ruwan yana ta matsowa. Kusan kowa a siririn bakin gaɓa yake zaune, teku na cin gaɓar sannu a hankali, kuma wurin da ya rage a koma shi ne tudun nan na tsakiya da aka ƙwaƙule, wanda sai an fasa duwatsunsa an baje kafin a kafa tubali.

Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Tun 1999 Nauru ke da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a harabar majalisar a birnin Niyu Yok tutarta na tsaye tsakanin ta Namibiya da ta Nefal, girmansu ɗaya, sandarsu ɗaya. Ƙuri'arta ɗaya ce kamar ta Indiya. Ƙaramar ƙasa kan gane cewa wannan daidaito shi ma kadara ne. Ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wa Sin a 2002, ta dawo a 2005, ta sake komawa a Janairun 2024. Mai kallo daga nesa na iya taɓe baki. Sai dai wanda ƙasarsa ta tafi a cikin buhunan taki, abin da ya rage masa na sayarwa shi ne kasancewarsa ƙasa, wato tuta da hatimi da ƙuri'a.

A nan ne wani tsini ɗaya daga cikin 12 ɗin ke neman a dube shi da kyau. Dangin Iruwa zuriyar baƙi ne, mutanen da teku ya kawo daga tsibiran Gilbat da kewaye, suka zauna, suka yi aure, suka hayayyafa, har aka ƙirga su cikin 'yan asali. Tun kafin a zana tutar, tsibirin ya san yadda ake mayar da baƙo ɗan gida. Yau baƙin iri biyu ne sababbi. Tun 2001 Ostireliya ke biyan Nauru kuɗi don ta tsare mata masu neman mafaka da suka nufo ta cikin jiragen ruwa, 'yan Afganistan da Iraƙi da Iran da Somaliya da Sudan da sauransu. An rufe sansanin da ake tsare su a 2008, aka sake buɗewa a 2012, akwai lokacin da mutanen da ke ciki suka haura 1,000, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kokawa da halin da suke ciki. A ƙarshen 2024 kuma gwamnati ta sake fara sayar da fasfo a kan kuɗin da ya haura dala 100,000, ta ce da kuɗin za a mayar da jama'a kan tudu.

Baƙi uku ke nan a ƙarƙashin ƙyalle ɗaya. Na farko ruwa ya kawo shi, ya zauna da yardarsa, jikokinsa suka samu tsini a tauraro. Na biyu an kawo shi ba da son ransa ba, ya shekara da shekaru a tsibirin idonsa na kan hanyar fita. Na uku yana riƙe da takardar zama ɗan ƙasa, ba a ma nemi ya taka ƙasar ba. A tsohuwar ƙa'idar wurin, zama da haihuwa ne ke sa a ƙirga mutum, kuma in an ƙirga shi ba a sake cire shi ko da zuriyarsa ta ƙare. Al'ummar da ta taɓa kwana tana jiran haihuwar jaririya ɗaya don adadinta ya cika ta fi kowa sanin tsadar a ce da mutum “namu”. Yanzu majalisarta mai kujeru 19 da ke gundumar Yaren ita ke da nauyin yanke wa za a faɗa wa wannan kalma, da kuma ko kuɗi na iya sayenta.